Ungulu da kan zabo: yadda aka sayar mini da katin hoto na bogi da sunan RTX 2060

Jama'a, kwana huɗu ke nan ina rubuta wannan ina gogewa saboda kunya. Wata bakwai na yi ina tara kuɗi. Wata bakwai. Na haɗa da kuɗin tsohon katina da na sayar, na kwashe duka na tura wa mutumin da na ga tallarsa a wani shafin intanet, wanda ban taɓa ganin fuskarsa ba, shi kuma ya aiko mini da katin da aka ƙera tun 2010, an sa masa rigar RTX 2060.

Kafin wani ya ce mini araha ba ta ado, ya tsaya tukuna. Ba arahar banza na bi ba. Da ya karya farashin ƙwarai, wallahi da na gudu. Kaɗan ya sauko da shi ƙasa da na kasuwa, daidai yadda mai neman kuɗi da gaggawa zai yi. Har na nemi ragi ya ƙi, ya ce, "Haba ɗan'uwa, ai ka san kaya." Wane ɗan damfara ne yake ƙin ragi? Wannan ƙin da ya yi shi ya kwantar mini da hankali, shi kuma ya cinye ni.

Kuma na san kaya ɗin, abin da ke ƙona mini rai ke nan. Ni na haɗa kwamfutata da hannuna. Na san abin da ake nema a wurin katin hoto, wato sashen kwamfuta da ke zana abin da ake gani a allo. Idan kana wasa a kan allo mai 1920 da 1080, ɗigo sama da miliyan biyu ne katin zai zana a kowane hoto guda, kuma in kana son wasan ya tafi sumul, sai ya zana hoto 60 a daƙiƙa ɗaya. Wato kowane hoto yana da ƙasa da kashi 17 cikin dubu na daƙiƙa, ya lissafa inuwa da haske da hayaƙi da motsin kowa, ya gama, ya kama na gaba. Masu shirya fim da kwamfuta suna iya barin hoto ɗaya ya ɗauki sa'o'i, mai wasa ba shi da wannan sararin, don yana danna maɓalli yake son ya ga amsa. Na san tun 2018 Nvidia, mai ƙera ƙwaƙwalwar waɗannan katunan, ta fara sa wa katunanta na RTX wani sashe na musamman da ke bin sawun haske, yadda yake faɗowa a kan ruwa ko gilashi ya koma ido, maimakon dabarun da aka daɗe ana yi na kwaikwayon inuwa. Wannan nake so in gani da idona. Shekara da shekaru ina fama da tsohon katina, GTX 750 Ti mai ma'ajiyar giga 2, ina rage komai zuwa ƙasa, ina kallon bidiyon wasu. RTX 2060, wanda ya fito a farkon 2019, yana cikin ƙananan da za su shigar da ni wannan duniyar. Ban nemi na sama ba, ban yi kwaɗayi ba.

Bari in koma baya, na tsallake maganar bidiyon da mai sayarwar ya turo mini.

Na ce masa ba zan tura ko sisi ba sai na ga katin yana aiki. Na nemi kiran bidiyo. Ya ce layinsa ba shi da kyau, amma zai ɗauka ya turo. Bayan kamar minti ashirin sai ga shi. Wasan Cyberpunk 2077 a kan allo, titi jiƙe da ruwan sama, fitilun shaguna suna haskawa a cikin ruwan, mota tana wucewa inuwarta na bin ta. Ya shiga saituna ya nuna an kunna bin sawun hasken, an kunna DLSS, wata dabarar katunan RTX ta ƙara wa wasa sauri. Sannan ya buɗe GPU-Z, manhajar da ke nuna bayanan katin hoto, ga suna, ga giga 6, ga 1920 a wurin adadin ƙananan injinan lissafi, daidai yadda ya kamata. Ku gaya mini, wa zai ga wannan ya ce ƙarya ce? Na kalli bidiyon nan ya fi sau talatin tun daga lokacin. Katin da ke cikinsa na gaske ne. Abin da ban lura ba, kyamarar ba ta taɓa sauka daga allo ta nuna katin a cikin kwamfuta ba tare da an yanke ba. Akwai wurin da hoton ya ɗan yi tsalle. Na gani tun a kallon farko, na ce layi ne. Layi! Shi ya riga ya sa mini kalmar a baki.

Na tura rabi a daren. Washegari ya turo hoton kwali an naɗe da sunana a jiki, na tura ragowar rabin. Sannan kuɗin aike daban, shi ma na tura. Sau uku. Sau uku na buɗe wayata, na rubuta lamba, na danna, ba wanda ya sa mini wuƙa a wuya. A'a, kuɗin aiken ma kafin ragowar rabin ne, don na tuna ya ce kamfanin aika saƙo ba za su karɓa ba sai an biya. Koma dai yaya ne, wata bakwai sun tafi cikin kwana biyu.

Akwai saƙon murya da ya yi mini tsakanin turawa ta farko da ta biyu, yana nan ban goge ba. Ya ce, "Tsakani da Allah, ɗan'uwa, ban taɓa haƙar kirifto da shi ba, wasa kawai nake yi, amana ce tsakanina da kai." Ban ma tambaye shi ba, shi ya kawo maganar. Kuma daidai nan tsorona yake, don na san tun da Ethereum, wani kuɗin intanet na kirifto, ta daina haƙa da katunan hoto a Satumban 2022 aka cika kasuwa da katunan da suka shekara suna ci dare da rana. Ni ina can ina gadin wannan ƙofar, ashe ɓarawon ta taga ya shigo.

Da katin ya iso, na ga abubuwa biyu da ya kamata su tsayar da ni, ko da yake kuɗin sun riga sun tafi. A bayan katin akwai shuɗiyar kafar VGA, irin ta tsofaffin allo. Katunan Nvidia sun bar wannan tun zamanin GTX 10, balle RTX. Na biyu, wurin sa wayar wuta mai rami 6 ne, alhali 2060 mai rami 8 yake ci. Kuma ba nauyi, kamar kwalin banza. Na riƙe shi a hannu, zuciyata ta ce akwai matsala, amma sai na ce wataƙila ƙirar wani ƙaramin kamfani ce. Mutum in ya riga ya biya, shi da kansa yake zama lauyan wanda ya cuce shi.

Sai maganar direba, wato manhajar da ke sa kwamfuta ta gane katin ta yi aiki da shi. Tun kafin kayan su iso ya turo mini wata mahaɗa, ya ce kada in sauke direba daga shafin kamfani, wai sabon yana ba wannan katin matsala, in yi amfani da nasa. Na sa nasa. Windows ta rubuta RTX 2060 ɓaro-ɓaro. Na ɗauki hoton allon na tura wa abokina ina murna. Kun ji? Har murna na yi. Na buɗe wani tsohon wasa mara nauyi, ya tashi, ko da yake yana ɗan jan ƙafa, na ce saituna ne. Na buɗe Cyberpunk, allo ya yi baƙi ya dawo da ni waje. Na sake, haka. Na gwada wani wasan, ya yi minti biyu, sai layuka kore da ruwan hoda suka cika allon, komai ya tsaya cak. Na rubuta wa mai sayarwar, ya ce in sake sa direban. Na sake. Ya ce wutar kwamfutata ce ba ta isa ba. Na kusa sayen sabon akwatin wuta, jama'a, na kusa ƙara kuɗi a kan wata bakwai.

Sai a kwana na uku na buɗe GPU-Z da kaina. Manhajar da na sani, wadda na sa shi ya nuna mini a bidiyo, ni ban buɗe ta ba sai kwana na uku, don ina tsoron abin da zan gani. Tun 2018 suka sa mata ta riƙa gane irin waɗannan katunan, kuma ga shi nan a gaban sunan, FAKE, wato na bogi. Na duba wurin da bidiyonsa ya nuna 1920. Nawa 192. Sifili ɗaya ne bambancin a rubuce, na daɗe ina kallonsa kamar zai dawo.

Abokin nawa ne ya zo da sukudireba muka kwance fankar, muka goge man da ke kan ƙwaƙwalwar katin. GF106 ne a rubuce a kanta. Ta GTS 450 ce, katin 2010, mai giga 1 tak. 'Yan damfarar sun sake rubuta BIOS ɗinsa, wato ƙaramar manhajar da ke cikin katin, ya riƙa cewa yana da giga 6, sun gyara direban ya riƙa nuna sunan da suke so, don sunan da Windows ke nunawa rubutu ne kawai, ba shaida ba ce. Shi ya sa ƙaramin wasa yake tashi. Da zarar wasa ya nemi ajiye abin da ya wuce giga 1, sai ya zuba shi a wurin da babu, komai ya rushe. Batun bin sawun haske kuwa, shekara takwas aka yi bayan ƙera wannan katin kafin a fito da RTX na farko. Abokina bai yi dariya ba, Allah ya saka masa, amma ya ce abin da na riga na sani: 750 Ti ɗin da na sayar don in cika kuɗin ya fi wannan ƙarfi nesa ba kusa ba. Na sayar da mai kyau na sayi wanda bai kai shi ba, na ɗora wata bakwai a kai.

Na tura wa mai sayarwar hoton ƙwaƙwalwar. Ya karanta, na ga alamar ya karanta. Bayan minti biyar hotonsa ya ɓace, lambar ba ta shiga, tallar ma an cire. Amma jiya na ga hotunan nan dai, teburin nan dai, a ƙarƙashin wani sabon suna, yanzu wai RTX 3060 yake sayarwa. Na kai ƙara wurin masu shafin da kuma wurin da na tura kuɗin, ina jira.

Kada ku biya kafin ku riƙe kati a hannu. A sa shi a kwamfuta a gabanku, direba daga shafin kamfani kawai, ku buɗe GPU-Z da kanku, ku sa wasa mai nauyi ya yi rabin awa. In kun ga kafar VGA a katin da aka ce RTX ne, ku tashi.

Hotunan hirarmu, rasit ɗin turawa uku, da hoton GF106 ɗin duk suna wurina, zan ɗora su da daddare in na rufe sunana da lambobin da ke jiki. Bidiyon ma zan sa, ku duba daƙiƙa ta 41, wurin da hoton ya yi tsalle. Saƙon muryar ne ban yanke shawara ba tukuna, don a cikinsa ana jin amsar da na ba shi, ina ce masa na gode, Allah ya bar zumunci.