Rana, ƙwaya ko gadon fitila: me ya kamata mazaunin Ingila ya saya?

Da aka sassauta dokar kullen korona a Birtaniya, wadda ta soma ranar 23 ga Maris 2020, Turawa sun fito kamar kajin da aka buɗe wa akurki. Wasu suka nufi bakin teku, wasu filayen shaƙatawa, wasu kuma shagunan nan masu gadon fitila, inda mutum zai biya kuɗi ya kwanta na 'yan mintuna a gasa masa fata ta yi duhu. Mu da Allah ya ba baƙar fata, wannan dariya yake ba mu. Sai dai shagunan na da wata tallar da ke iya jan hankalin namu, cewa fitilar tana ba jiki bitamin D. To duk Bahaushen da likita ya taɓa ce wa bitamin ɗinsa ya yi ƙasa, yana fama da kasala da ciwon gaɓoɓi, zai iya tsayawa ya saurara.

Ƙarancin kam gaskiya ne. Fata na haɗa bitamin D ne idan wani sashe na hasken rana da ake kira UVB ya taɓa ta. A Kano ba a rasa shi ko da hunturu. A Landan kuwa, daga Oktoba zuwa Maris ranar ba ta da ƙarfin yin wannan aikin, ko da ka wuni a waje. Baƙar fata ta fi fara buƙatar daɗewa a rana kafin ta haɗa adadin da ya dace, matanmu kuma a rufe suke fita, sannan gilashin taga na tare UVB, don haka zama a falo ana shan hantsi ɗumi kawai yake bayarwa.

Gadon fitila ba shi ne maganin ba. Yawancin hasken da yake fitarwa UVA ne, wanda ke shiga can cikin fata ya tsufar da ita, ba wanda ke haɗa bitamin ba. A 2009 cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka waɗannan na'urori a rukuni na ɗaya na abubuwan da ke jawo sankara, sahu ɗaya da taba sigari. Brazil ta haramta su a wannan shekarar, Ostareliya ta rufe shagunan kasuwancinsu daga 2015, a Ingila kuma tun 2011 laifi ne mai shago ya bar wanda bai kai shekara 18 ba ya hau. Man shafawa mai rina fata ba shi da wannan haɗarin, amma launi kaɗai yake sawa, ba ya kare rana, ba ya ba da bitamin. Allura da feshin hanci da ake sayarwa a intanet da sunan melanotan ba su da lasisi, a yi nesa da su.

Abin da ya cancanci kuɗinka ƙwaya ce, kuma ita ce mafi araha. Hukumar lafiya ta NHS ta ce maikrogiram 10 a rana, wato abin da za ka ga an rubuta 400 IU a jikin kwalba. Ga jama'a gaba ɗaya da kaka da hunturu ake nufi, amma mai baƙar fata da mai rufe jiki an ce su duba shanta duk shekara. Kada babba ya wuce maikrogiram 100 a rana sai da umarnin likita, domin yawansa na tara sinadarin kalsiyam a jini ya taɓa ƙoda. Kwalaben da ke alfahari da manyan lambobi ba naka ba ne, sai idan gwajin jini ya nuna buƙata.

A nan ne Musulmi zai tsaya ya juya kwalba. Akwai D2 da D3, kuma D3 ya fi ɗaga adadin bitamin a jini. Yawancinsa daga maiƙon gashin tunkiya ake samunsa, wannan ba matsala. Inda gizo ke saƙar shi ne ɓawon ƙwayar nan mai taushi, wanda sau da yawa da jelatin ake yi, kuma jelatin ɗin na iya zama na alade. Mafita ita ce ƙwaya busasshiya, ko na ɗigawa a baki, ko na fesawa, ko wanda aka buga wa tambarin halal ko na masu ƙin cin nama. Na ɗigawa ya fi sauƙi ga jarirai masu shan nono. A sha bayan abinci mai ɗan maiƙo, a kuma yawaita kifi titus da sadin da gwaiduwar ƙwai, ko da yake abinci kaɗai ba ya cika mudun.

Sai man kare rana, na watannin bazara. Baƙar fata ma tana ƙuna, tana kuma yin tabo. SPF ita ce lambar da ke nuna ƙarfin kariyar man: SPF 30 na tare kusan kashi 97 cikin ɗari na UVB, SPF 50 kashi 98, don haka bambancin bai kai yadda farashi ke nunawa ba. Abin dubawa shi ne taurarin UVA a bayan kwalba, aƙalla huɗu. Mai ɗauke da sinadarin zink ya fi dacewa da fata mai saurin ƙaiƙayi, amma yana barin fuskarmu furu-furu kamar wanda ya fito daga injin niƙa, shi ya sa na fi son mai launi ko marar barin fari. Zabiya, da wadda ta taɓa shafa man bilicin, su kam SPF 50 da malafa ne nasu, a Manchester suke ko sun je hutu Zariya.

A sake shafawa duk bayan awa biyu. Alwala na wanke shi, saboda haka ƙaramar kwalbar da za ta shiga aljihu ta fi babbar da za a bari a gida amfani tsakanin azahar da la'asar.