Gargaɗi Ga Masu Hilux Da Jif A Kaduna: Kada Ku Biya Kuɗin Taya Tana Cikin Leda

Assalamu alaikum jama'a. Na yi kwanaki ina shawara da zuciyata, in rubuta wannan ko in bar wa Allah. Shekaranjiya sai na ga tallan mutumin nan da ya damfare ni da tsofaffin tayoyi ya dawo Facebook da sabon suna, hotunan kuwa su ne dai waɗanda ya ja ni da su. Nan na ga cewa idan na yi shiru, wani ya hau waɗannan tayoyi da iyalinsa, ina da kamasho a cikin alhakin.

Ina da gona a wajen Pambegua, kuma Hilux ce ƙafata. Duk wanda ya san hanyar ya san rabinta kwalta ce mai ramuka, idan ka sauka daga titi kuma sai burji, sai laka idan damina ta zauna. Tayar da ake ce wa H/T, wadda aka yi domin kwalta zalla, ba ta daɗewa a wurina, dutse ya yanke gefenta ko ta riƙa sulɓi a taɓo. Ita kuma M/T, mai manyan haƙora, sarauniyar laka ce, amma a kan kwalta ƙararta kamar injin niƙa, ga shan mai, kuma ba ta kama jiƙaƙƙiyar kwalta yadda ya kamata. Saboda haka irina sai A/T, wadda ke tsakiyar biyun. Ita ce irin su BFGoodrich KO2, da Bridgestone Dueler A/T, da Yokohama Geolandar A/T, da Dunlop Grandtrek AT. Duk kayan kirki ne idan ka samu na gaskiya. Matsalar ita ce kuɗinsu, domin tun da Michelin ta rufe masana'antarta ta Fatakwal a 2007, Dunlop ta bi bayanta a Legas a 2008, kusan duk tayar da ka gani a kan titinmu shigo da ita aka yi, farashinta kuma yana bin dala sau da ƙafa. Ta wannan ƙofa ɗan damfarar ya shigo.

Tallansa ya ce sababbin tayoyin A/T ne fil a leda, ragowar odar wani kamfanin gine-gine da ya gama aiki, ana neman a rabu da su. Kuɗin ya ɗan haura rabin abin da ake sayarwa a shago. Na yi masa magana ta WhatsApp, nan take ya turo bidiyon tayoyi jere a wani ɗaki, kowacce an naɗe ta da leda mai ƙyalli. Bakinsa zuma. "Ranka ya daɗe, saiti biyu suka rage, kuma wani Alhaji daga Zariya ya ce in ajiye masa ɗaya. In kana so ka sa kafin alƙalami kawai." Na ce zan zo sito in gani. Ya ce mai riƙe da makulli ya yi tafiya, amma kada in wahalar da kaina, zai kawo mini har ƙofar gida, da mai facinsa, ɗauri kyauta. Na tura rabin kuɗi. Sunan da ya fito a asusun ba shi ne sunan shafin ba, ba kuma shi ne sunan da ya faɗa mini ba. Na tambaya, ya ce na ƙaninsa ne. A nan ya kamata in tsaya, ban tsaya ba.

Ya ce ƙarfe biyu, bai iso ba sai da ana shirin kiran magariba, da tayoyin a cikin Keke. Yaron da ya zo da shi hannunsa da sauri ƙwarai, yana yage leda yana shafa ruwan sabulu yana ɗorawa a kan rim. Na haska fitilar waya, na ga baƙaƙe ne wuluk suna sheƙi, haƙora da zurfi, lambar girma daidai da tawa, 265/65R17. Na duba lambar shekara a kan guda ɗaya, na ga 3724. Na cika kuɗi. Na ce rasit, ya ce gobe zai aiko.

Kwana tara tsakani, ƙanina ya ɗauki buhunan taki da ma'aikata biyu suka nufi gona. Sun wuce Mararrabar Jos kaɗan sai ga kiransa, muryarsa na rawa: "Yaya, Allah ya tsare, amma ka zo." Tayar baya ta hagu ce. Ba ƙusa ta taka ba, ba rami ya faɗa ba. Fatar samanta ce ta ɓare kamar an fere rogo, ta daki ƙarfen gefen mota ta lanƙwasa shi, motar ta yi wutsiya ta sauka daga titi. Abin da ya taimaka, bai taka birki da ƙarfi ba, ya riƙe sitiyari har ta tsaya da kanta. Ɗaya daga cikin yaran ya fasa goshi. Da a kan gada ne, ko da tirela na tafe, da yanzu zancen zaman makoki ake yi.

Wani dattijo mai faci a bakin hanyar shi ya buɗe mini ido, kuma abin da ya nuna mini shi ne dalilin wannan rubutu. Ya kwantar da tayar a ƙasa, ya tofa yawu a babban yatsa ya goge wurin lambar shekara, sannan ya sa bakin sukundireba ya ɗan taɓa gefenta. Sai ga wani siririn faci ya ɗago, bai fi faɗin farce biyu ba. An manna shi ne a kan lambar asali. A ƙarƙashi an rubuta 3714. Ya ɗago ya dube ni ya ce, "Alhaji, wannan tayar ta girmi jikana da ke firamare." Wato a mako na 37 na shekarar 2014 aka yi ta, aka mayar da ita 2024 da gam da guntun roba.

Bai tsaya nan ba. Ya ce in sa yatsa a cikin kwarin zanen. Na sa, na ji gefen da kaifi, ƙasan kuma ba sumul ba, wani wuri zurfi wani wuri tudu. Ya ce wuƙa mai zafi aka bi tsohon zanen da ita aka ƙara masa zurfi. A wurare biyu har ana hango wayar ƙarfen da ke ciki, ta fara tsatsa. Sannan ya ce in nemo masa ɗan tudun nan da kamfani ke sawa a cikin kwarin kowace taya, wanda idan zane ya cinye ya zo daidai da shi an san saura milimita 1.6, taya ta gama aiki. Na zagaye tayar, babu ko ɗaya, wuƙar ta share su. Da ya lanƙwasa gefen da gwiwarsa kuwa, sai ga ƙananan tsage-tsage birjik kamar kaushin dunduniya a lokacin hunturu, baƙin man da aka shafa ne ya rufe su. Sauran ukun da muka kwance, biyu an juya gefen da ke da cikakkiyar lamba zuwa ciki, ta yadda sai ka shiga ƙarƙashin mota za ka gani. Nan na gane amfanin ɗauri kyauta, da kuma amfanin zuwa da magariba.

Ina roƙonku ku koyi karanta wannan lamba, ba ta da wuya. A gefen taya za ku ga haruffa DOT, sai wasu haruffa da lambobi su biyo baya. Huɗun ƙarshe, waɗanda galibi ke cikin ɗan zagaye mai siffar ƙwai, su ne ranar haihuwar taya: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Tun daga shekarar 2000 haka tsarin yake. Idan ka ga lamba uku kacal, tayar ta riga 2000 zuwa duniya. Idan ka ga makon ya wuce 53, ƙarya ce tsagwaronta. Sau da yawa a gefe ɗaya kawai ake buga cikakkiyar lambar, don haka a juya taya a duba duka fuskokin tun tana ƙasa. Kuma kada ido kaɗai ya yi aikin, a sa farce a kankara. Lambar gaskiya jikin tayar ce, ba ta ɗagowa, kewayenta kuma ba ya nuna alamar an goge da fayil.

Tsufan taya ba a zane kawai yake ba. Roba tana bushewa ko da ba a taɓa hawanta ba, zafi kuma yana gaggauta hakan, ga shi mu kwaltarmu a watan Maris da Afrilu sai ta gasa ƙwai. Jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra, 'yan Rodsefti, shekara 4 daga ranar ƙira suke yi wa mutane gargaɗi a kai. Kamfanonin taya irin su Michelin suna cewa daga shekara 5 a riƙa kai ta ana dubawa duk shekara, idan ta kai 10 a cire ta ko da zanenta na nan. Ko wanne ka ɗauka, tayar da aka sayar mini ta wuce shi. Ƙarin zane da wuƙa kuwa, tayoyin manyan motoci ne kawai aka yi su da kaurin da zai ɗauki haka, kuma za ka ga an rubuta REGROOVABLE a jikinsu. A tayar Hilux ko Prado, naman da ke kare waya ake yankewa, ruwa ya shiga, waya ta yi tsatsa, fata ta rabu da jiki.

Akwai wata lamba da yawancinmu ba ma kallo, alhali mu ne masu lodi. Bayan lambar girma za ka ga irin 112S ko 112T. Wannan 112 na nufin kowace taya kilo 1,120 ne iyakarta, S kuma gudun kilomita 180 a awa, T 190. Wadda aka fara lambarta da LT, aka rubuta 120/117, gininta ya fi ƙarfi, tana ɗaukar kilo 1,400. Mai ɗora buhunan masara daga Saminaka ko Soba ya san wacce ta dace da shi. Takardar da ke manne a jikin ƙofar direba ta faɗi girman taya da iskar da motarka ke so, kada ka sayi abin da ya gaza ta a lodi. Iskar da aka rubuta a jikin taya kuwa iyaka ce, ba ita ake cikawa kullum ba, wannan ma ya kamata masu facinmu su riƙa kula. Masu Prado da Land Cruiser, da ƙafafu huɗu ke ja a kowane lokaci, su tabbata duk huɗun girmansu ɗaya, samfurinsu ɗaya, in ba haka ba giyar mota ce za ta biya.

Wani da muka haɗu da shi a wajen kai ƙara, mai jif ne daga Barnawa, shi tayoyin ƙanƙara aka kai masa a matsayin A/T. Irin waɗanda ake sawa a ƙasashen sanyi ne lokacin dusar ƙanƙara, robarsu laushi, jikinsu cike da ƙananan tsagu sirara kamar an yi da reza. A ido suna da haƙora, a zafin hanyar Abuja kuwa cinyewa suke kamar sabulu. Idan ka danna haƙorin da yatsa ka ji yana lotsawa, ka nemi sunan samfurin a intanet kafin ka ce uffan a kan farashi.

Ba ina cewa duk mai sayar da taya a Kaduna macuci ba ne. Akwai mutanen kirki da suka shekara talatin a shago ɗaya, waɗanda idan ta hannu ce za su ce maka ta hannu ce, ka saya da saninka. Ko da yake a sani, tsofaffin tayoyi suna cikin kayan da Kwastan ta hana shigowa da su, hukumar SON mai kula da ingancin kaya kuma ta sha kama kwantenonin da aka cusa taya cikin taya don a rage kuɗin dako, abin da ke karya ƙarfen bakin taya tun ba a ɗaura ta ba. Wanda nake magana a kansa daban ne: ba shi da shago, ba ya bari a zo sito, kullum saura saiti biyu, asusunsa da sunan wani, kaya ba sa isowa sai duhu ya fara, kuma da mai facinsa yake tafe. Labarin bakinsa yana canzawa, yau ragowar kwangila, gobe gwanjon Kwastan. Leda kuwa kowa na iya sayen nadinta ya naɗe abin da ya ga dama. Mai kayan gaskiya ba zai hana ka yage ta ba, ba zai ƙi ka zo da naka mai facin da rana tsaka ba, kuma ba zai ji nauyin rubuta maka lambar DOT ta kowace taya a kan rasit mai adireshin shago ba.

Ban kama suna ba saboda sunan da ya ba ni ba nasa ba ne, shafin ma ya canza suna, kuma magana tana hannun 'yan sanda. Washegarin haɗarin layinsa ya daina shiga. Na kai hotunan hirarmu, da shaidar tura kuɗi, da lambar asusun, na kuma shigar da koke a bankina. Mu uku ne muka kai ƙara zuwa yanzu.

Idan ka sayi taya ta wannan hanya a 'yan watannin nan, don girman Allah kada ka hau babban titi gobe sai ka kai motar an kwance su an duba ciki da waje, har da safaya. Idan ka ga faci a kan lambar, kada ka ɓamɓare shi duka, ka ɗauki hoto yadda yake, ka kai ofishin 'yan sanda mafi kusa da kai tare da lambar asusun da ka tura wa kuɗi. Ku tura wannan zuwa zaurukan direbobi da na manoma. Tayoyin nawa guda ɗaya tana wurin 'yan sanda a matsayin shaida, sauran ukun na sa dattijon nan ya tsarge gefensu da wuƙa a gabana, don kada wani ya tsince su ya sake naɗe su a leda.