Zaure ko jami'a: ina za ka kai karatunka na fiƙihu?

Ɗan'uwa, tun shekaranjiya na ga tambayarka, sai yau Allah ya ba ni zama. Ka ce ka gama digirin farko a fannin Shari'a, kana biyan Risala, littafin fiƙihun Malikiyya, bayan asuba wajen wani malami a cikin gari, yanzu kuma ka rasa inda za ka sa gaba: ko ka tattara ƙarfinka kan zaure har ka sauke Muhtasar, babban littafin da ake kaiwa a ƙarshen karatun zaure, ko ka nemi gurbin digiri na biyu ka shiga sahun masu bincike da tarukan ƙara wa juna sani. Ni na ɗanɗana duka biyun, amma na fi daɗewa a kan tabarma, saboda haka in ka ji na ɗan karkata kada ka yi mamaki.

Kowannensu da tambayar da yake yi. Zaure yana tambaya, mene ne hukunci? Jami'a kuwa tana tambaya, da hukuncin nan ya shiga hannun alƙali da sarki da talaka, yaya ya kasance?

A zaure tsani ne ake hawa, ba a tsallake mataki: Ƙawa'idi, Ahalari, Ishmawi, Iziyya, Risala, Askari, sannan Muhtasar na Shehu Halilu, mai niyyar alƙalanci kuma ya haɗa da Tuhfa ta Ibnu Asim. Kai ke jan baƙi, Malam na fassara kalma-kalma, in ka ɗaga wasalin da ya kamata ka karya, nan take a tsayar da kai. Muhtasar a dunƙule aka rubuta shi kamar ƙulli, layi guda sai ya ci muku zama guda, ana komawa sharhohinsa, Jawahirul Iklili da Dasuƙi, ana warwarewa. Wanda ya bi wannan hanya har ƙarshe, mas'ala ba ta yi masa baƙunta. Kafin mai tambaya ya rufe baki ya san babin da take, ya san mashhurin mazhaba, ya san inda aka yi saɓani. Kano kuwa ba yau ta fara ba. Tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, Shehu Magili ya zauna a garin nan ya rubuta wa sarki yadda ake mulki bisa Shari'a, unguwar Madabo kuma ta yi suna da karatun Muhtasar ɗaruruwan shekaru.

Masu cewa ba a muhawara a zaure ba su san tarihi ba. Taƙaddamar Malam Salga da malaman Madabo kan al'adun jana'iza da sadakokin mamaci, da alƙalami aka yi ta, wannan ya rubuta, wancan ya yi raddi. Inda zaure ke da rauni shi ne bai cika leƙa waje ba. Za ka san hukuncin hul'i ciki da bai, cewa saki ne ba'ini, wato wanda ba kome sai da sabon aure, bisa musaya, amma ba wanda zai aike ka kotun Shari'a ka ga abin da ake sa mace ta mayar a zahiri, sadaki kaɗai ne ko har da lissafin lefe da toshi, da kuma wata nawa take zarya kafin a raba. Ga shi ba takardar shaida da ma'aikata za ta karɓa, ba kuma ranar gamawa. Na san masu shekara goma sha a Muhtasar, har yau suna babin ciniki.

Ita jami'a, a nan Kano dai, ba bare ba ce ga wannan karatu. A 1934, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, aka buɗe Makarantar Shari'a don horar da alƙalai, aka kawo malamai daga Sudan. A 1947 ta koma Makarantar Nazarin Larabci, SAS ɗin da ka sani, a harabarta kuma aka fara kwalejin da ta girma ta zama Jami'ar Bayero a 1977. To amma salon aikin ya sha bamban. Ba littafi za a miƙa maka ka sauke ba. Kai za ka tsinko mas'ala ƙarama, ƙarama ƙwarai, ka shekara biyu ko uku kana tonon ta, ka rubuta kundi, ka zauna gaban malamai ka kare shi. Kayan aikinka kuma ba littattafan fiƙihu kaɗai ba ne. Akwai rajistar kotu, da takardun Turawa da ke ma'ajiyar tarihi ta ƙasa a Kaduna, da Gidan Arewa, da hira da tsofaffin alƙalai da muhutai tun suna raye.

Ga abin da irin wannan aiki ke fito da shi. Wani Ba'amurke, Allan Christelow, ya ɗauki rajistar majalisar shari'a ta Sarkin Kano Abbas, ta shekarun 1913 da 1914, ya fassara ya yi nazari. A ciki za ka ga rigimar gona da gida, da kisan kai, da batun bayi, ka ga yadda sarki ke yanke hukunci shekara goma kacal bayan Turawa sun ci Kano. Wannan ba ya cikin kowane sharhi. Haka in kana son sanin yadda aka cire hukuncin laifuffuka daga fiƙihun Malikiyya aka mayar da shi kundin doka, sai ka bi labarin kwamitin masana na 1958 wanda Alƙalin Alƙalan Sudan, Abu Rannat, ya shugabanta, da Fenal Kod, kundin dokar laifuffuka na Arewa da ya fara aiki a 1960, sannan ka gangaro shekarar 2000 da Kano ta bi sahun Zamfara wajen dawo da hukuncin laifuffuka na Shari'a. Malamin zaure zai gaya maka an kauce ko an dawo. Mai bincike zai nuna maka wa ya zauna, me aka ba da, me aka riƙe, da wane dalili.

Raunin jami'a kuwa ya fi ba ni haushi, watakila don na gan shi kusa. Mutum na iya samun digiri na uku a kan Shari'a bai taɓa biyan babi guda na Muhtasar gaban malami ba. Na taɓa zama a wani taro inda mai maƙala ya yi ta jingina magana ga Halilu, ashe daga taƙaitacciyar fassarar Turanci ta wani Bature, Ruxton, ta 1916 yake ɗebowa, wadda ita ma daga fassarar Faransanci aka tsamo ta don amfanin jami'an mulkin mallaka. Wani dattijo a layin baya ya ɗaga hannu, ya karanto nassin da ka, ya nuna cewa akwai ƙaidin da ya faɗi a hanya, wanda in an mayar da shi rabin maƙalar ya rushe. Ɗaki ya yi tsit. Mai maƙala ya ce zai duba.

Tunda ka ambaci taruka, ga yadda na same su. Majalisin zaure kullum ne, mutanen nan dai su ne, in ka yi kuskure yau gobe Malam na tune. Taron jami'a kwana biyu ne ko uku, safiyar farko ta tafi a jiran babban baƙo da jawaban godiya, kai kuma a ba ka minti goma sha biyar ka faɗi aikin shekara guda, shugaban zama na miƙo maka 'yar takarda cewa lokaci ya ƙare. Amma kada ka raina shi. A nan ne za ka zauna da lauya, da masanin tarihi, da alƙali mai ci, da malama da ta shekara tana sauraron ƙararrakin aure, mutanen da zaure ba zai taɓa haɗa ka da su ba. Wani zai zo daga Maroko ya ba da labarin yadda suka gyara dokar iyali a 2004 alhali su ma Malikawa ne, ka ga tambayoyin da ba ka taɓa yi wa Risalarka ba sun taso. Mafi yawan abin da na ƙaru da shi a wajen shan shayi na same shi, ba a kan mumbari ba.

In ni ne kai, ba zan ajiye karatun asuba ba ko da an ba ni gurbin gobe, domin darasin jami'a da hantsi yake farawa, ba su cin karo. Ba kuma zan sayi fom ba sai ina da tambayar da ke hana ni barci. Wanda ya shiga ba tambaya, mai duba aikinsa ne zai ba shi ragowar tasa, ya ƙare da kundin da ko shi ba ya son sake buɗewa. Ka gwada wannan tukuna: ka kai babin aure da saki a Risala, ka bi shi da sharhinta Samaruddani, sannan ka ɗauki wata guda kana zama a bencin baya na kotun Shari'a mafi kusa da unguwarku, da littafin rubutu a hannu. Duk inda ka ga abin da alƙali ya yi bai zauna daidai kan abin da ka biya ba, ka rubuta, ka kai wa Malam da asuba ka ji me zai ce. Abin da ya rage bayan amsarsa shi za ka kai jami'a.