Gyaran da na yi wa Golf ɗina: birki ya biya kuɗɗinsa, na inji kuwa sai da na sake

Wata takwas ke nan da na gama aikin motata, kuma tunda abokai sun yi ta tambayata a fada ko abin ya yi ko bai yi ba, bari in faɗi yadda na gani da idona. Motar Golf 5 GTI ce ta 2007, giyar hannu, ƴar Kwatano, injinta 2.0 mai turbo, daga kamfani tana hitowa da ƙarfin doki 200. Na so ta tun ina yaro, shi ya sa da Allah ya hore ban tsaya ga Corolla ba kamar yadda kowa ya ba ni shawara.

Inji na fara taɓawa, kuma nan ne kuskuren. Wani matashi mai aikin kwamfutar mota ya zo mini har gida a unguwar Ali Dan Sofo a Maraɗi, ya jona na'urarsa ƙarƙashin sitiyari, cikin awa guda ya sake ma ƙwaƙwalwar motar lissahi, ya ƙara iskar da turbo ke turawa ya kuma matso da lokacin da buji ke ba da wuta. Na ba shi jika 120. Gaskiya a daren farko motar ta canza, a giya ta uku in ka taka sai ka ji bayanka ya manne da kujera, irin wannan aikin yakan kai wannan injin wajen doki 240 ba tare da an kwance ko ƙusa ɗaya ba. Sati biyu ina jin daɗi.

Sai ranar da na ɗauki hanyar Tasawa da rana tsaka a watan Afrilu, zahi ya haura 40. Tun daga hita gari nake ta taka birki saboda manyan motoci da tudun hana gudu na ƙauyuka, in taka in sake in ƙara wuta, to bayan na wuce Cadawa kaɗan amalanken shanu ya hawo kwalta daga gona, yaro ne ke korawa bai kai shekara goma sha biyu ba, na taka birki sai ƙafata ta nutse kusan ƙasa kamar na taka soso. Motar ta tsaya, amma tsakanina da amalanken bai kai taku uku ba. Na sauka gefen hanya na zauna ƙarƙashin wani gawo, hannuna na rawa, warin ƙuna na tashi daga tayoyin gaba. Har yau in na tuna fuskar yaron nan sai gabana ya faɗi.

Washegari na kai ta wajen wani dattijon makanike da mahaifina ke kai ma mota tun da daɗewa. Ya buɗe murhin man birki ya duba, man ya yi baƙi kamar shayin da ya daɗe a wuta. Ya ce, "Ɗana, yaushe rabon da ka sake wannan?" Na ce Baba tun da na sayi motar ban taɓa ba. Bai yi mini faɗa ba, ya dai zaunar da ni ya bayyana mini. Man birki yana shan raɓar iska a hankali, shi ya sa ake cewa a sake shi duk shekara biyu. DOT 4 sabo ba ya tafasa sai ya kai 230 a ma'aunin zahi, amma in ya sha ruwa yana iya saukowa wajen 155, kuma da ya tafasa sai kumfa ta shiga tiyo, kumfa kuwa matsuwa take, shi ne ƙafa ke nutsewa. Ga plaket ɗin da ke ciki, wato takalman birki masu damƙe diski, jabu ne, kwalin kawai ke da kyau, sun yi santsi suna ƙyalli don ƙuna. Ya ƙara da abin da ban taɓa lissahi ba, in ka ninka gudu sau biyu, aikin da birki zai yi don ya tsai da kai sau huɗu yake ninkuwa, ni kuma na ƙara ma mota ƙarhi na bar ta da birkin da ko na kamfani bai kai ba.

Abin da muka sa: diskin gaba na Golf R32 mai faɗin milimita 345 a madadin 312 na asali, da abin damƙarsa da makanikai ke ce ma etiriye, na hannu ne amma lahiyayye, an kawo mini daga Kano. Sai plaket masu jure zahi, tiyo masu saƙar ƙarhe a madadin na roba, da man DOT 5.1 wanda sabonsa ke kai 260. Kar wani ya rikita shi da DOT 5, wancan daban ne ba a haɗa su. Duka da kuɗin aiki ya tasam ma jika 400, ya yi mini nauyi ƙwarai, sai da na ɗage wasu abubuwa na gida, amma ban taɓa yin nadama ba. Baba ya sa na yi kilomita wajen 300 ina taka birki a hankali kafin plaket su zauna kan diski.

Yadda yake yanzu, ƙafa tana samun birki tun daga sama kuma tauri ɗaya ne ko na taka sau goma a jere. Na je Damagaram na dawo, na je Konni, bai taɓa yin laushi ba. Amma in faɗi gaskiya, babban diski ba shi ke rage nisan tsayawa a taku na farko ba, zahi yake ɗauka ya watsar. Wanda ke riƙe kwalta taya ce. Tayoyina na da, da muka duba lambobi huɗu na gefensu masu nuna sati da shekarar da aka yi su, sun haura shekara bakwai, ƴan gwanjo ne, zanen yana nan amma robar ta bushe. Da na sa sabbi ne na ji bambanci na gaske. Aibin birkin kuwa, da sahe yana ɗan ƙara kafin ya ɗumama, kuma ƙurar plaket na baƙanta janti, ƙarhen da ake sa ma taya, cikin kwana uku. Ya shiga janti 17 ɗina da ƙyar, na ƙi komawa 18 saboda ramukan cikin gari bayan damina.

Na koma kan inji. Wata biyu bayan aikin farko motar ta fara yi mini wani abu, da dare tana tahiya kamar iska, da rana kuwa sai ta yi nauyi tana cijewa, wata rana hitilar inji ta kama. Ashe lissahin da aka sa mata an yi shi ne don esansi mai lamba 98 na Turai da iskarsu mai sanyi, ni kuwa wani lokaci har wajen ƴan ruwa-ruwa, masu saida mai a bakin hanya, nake shan mai in dare ya yi. Inji na da abin da ke jin ƙwanƙwasa a ciki, da ya ji sai ƙwaƙwalwa ta janye wuta don kar piston ya lalace, shi ne nauyin da nake ji. Bobin guda biyu, masu ba buji wuta, sun mutu, robar bawul ɗin da ke sakin iskar turbo ta yage, kuloci ya fara zamewa a giya ta biyar. Wannan ba laihin motar ba ne, an ɗora mata abin da ba a yi lissahinsa da ƙasarmu ba. Abin da ya ɓata mini rai, matashin bai hau motar ya gwada ta da rana ko sau ɗaya ba, bai kuma tambaye ni wane mai nake sha ba.

Na samu wani daban, shi ya zauna kusa da ni da kwamfutarsa a cinya muka yi ta kai da kawowa kan hanyar Gidan Rumji ƙarhe biyu na rana, yana kallon zahin iskar da ke shiga da yadda wuta ke janyewa, ya rage turbo har ƙwanƙwasar ta ɓace. Ya ce in cire buɗaɗɗen filtar iskan da na sa don ƙarar inji, wai da hunturu ƙura zai riƙa ɗura ma turbo, na maida akwatin asali. Ƙarhin bai kai na farko ba, amma iri ɗaya ne dare da rana, kuma in ban matsa mata ba shan manta bai wuce na da ba. Yanzu a gidan mai kaɗai nake sha, bidanj kuma, wato sake man inji, duk kilomita 5,000.

Abin da ya rage shi ne ɗan ƙoƙon ƙarhen nan da ke ƙarƙashin famfon mai na wannan injin, wanda ke cinyewa a hankali, Baba ya ce in kawo ta ranar Asabar mu buɗe mu gani kafin bikin ƙanwata a Madarunfa.