Yadda Na Karɓo Kafin Alƙalamina a Ingila

'Yan uwa, kun sha tambayata ko gaskiya ne mutanen nan ba sa cin kuɗin mutum. Na daɗe ina kauce wa tambayar, amma abin da ya same ni a bana ya sa dole in yi magana.

Maiɗakina tana da juna biyu, muka shirya Hajiya mahaifiyata ta zo Bamingham ta zauna har a yi suna. Gidan da muke haya ɗaki ɗaya ne da falo, ba zai ɗauke ta da ƙanwata mai rakiya ba. Sai na nemi irin gidajen nan da ake bayarwa na 'yan makonni, da gado da kayan girki da komai a ciki. Na samu ɗaya kusa da mu a shafin wani kamfani, na kama mako uku, na biya kafin alƙalami fam 450 da katin bashi na banki. Sharaɗinsu a rubuce yake: wanda ya fasa tun kwanakin da suka rage sun fi 30, za a mayar masa da kuɗinsa, a cire fam 25 na ɗawainiya.

Saura kwana 41 hawan jinin Hajiya ya tashi, likita ya hana ta doguwar tafiya. A daren na aika musu imel cewa na fasa.

Kafin in ajiye waya amsa ta shigo, har na ce da maiɗakina kin ga aiki. Ashe na'ura ce ta amsa. Mako guda shiru. Na sake rubutawa, na'urar ta sake gode mini. Sai a kwana na 12 wani ya rubuto cewa tsarinsu ya canza, ba sa mayar da tsabar kuɗi, amma za su ba ni takardar da zan iya kama wani gida da ita cikin shekara guda. To in kai wa a ciki? Wadda na kama wa gidan tana kwance.

Na buga musu waya. Minti arba'in ina sauraron kiɗa, ana ta maimaita mini cewa kirana yana da muhimmanci. Da wani saurayi ya ɗauka, sai na yi abin da aka raine ni a kai. Na gaishe shi, na tambayi aiki, na soma ba shi labari: mahaifiyata ce, jikanta na fari ne ta wajena, ta shirya kayanta tun watan jiya, yanzu ga ta a gadon asibiti. Ban kai ƙarshe ba ya katse ni ya ce in karanto masa lambar rajista. Na karanta. Ya ce abin da ke gabansa shi ne takardar nan, ba shi da ikon yin wani abu, ko akwai sauran abin da zai taimaka mini da shi? Ko sannu bai ce ba. Na zauna riƙe da waya, kunya ta rufe ni. Na buɗe wa baƙo cikina, na ambaci ciwon uwata a gaban wanda ko sauraro ba ya yi, duk don fam 450 da suke haƙƙina tun farko. Wannan ya fi kuɗin yi mini ciwo, kuma har yau bai gama sakina ba.

Bayan sallar Juma'a na ba wani dattijo ɗan gida labari, mutumin da ya haura shekara ashirin a ƙasar nan. Ya saurare ni tsaf, ya yi wa Hajiya addu'a, sannan ya ce, "Ɗana, ka yi roƙo a inda ba a jin roƙo. Ka kwashi takardunka ka je Citizens Advice." Na ce, "Baba, nawa suke karɓa?" Ya ce ko sisi.

Ofishi ne da ke ba jama'a shawara kan haƙƙinsu. Wata tsohuwa ce 'yar sa kai ta zauna da ni. Abin da ta fara tambaya shi ne, ina sharaɗin da na amince da shi ranar da na biya? Allah ya taimake ni imel ɗin farko yana nan, da sharaɗin a ƙasansa. Ta fara da gyara mini fahimta. Na je da ƙarfin gwiwar cewa a nan duk abin da ka saya ta intanet kana da kwana 14 na canza ra'ayi. Ta ce haka dokar 2013 ta tanada, amma ta cire masaukin da aka kama don wasu ranaku takamaimai, kamar yadda ta cire tikitin jirgi. Ta kuma ce kada in haɗa wannan da kuɗin ajiya na gidan hayar zama. Shi wannan tun 2007 dole mai gida ya kai shi wata ma'ajiya da gwamnati ta amince da ita, yana da kwana 30 ya yi hakan, kuma tun 2019 yawanci ba ya wuce hayar mako biyar. Masaukin 'yan kwanaki ba ya cikin wannan kariya. Wato wanda ya kama irin gidan nan, abin da aka rubuta ranar ciniki shi ne babban makaminsa.

Nawa kuwa mai kaifi ne. Ta ce ba su da ikon canza sharaɗi bayan an ƙulla, su kuma ɗora mini sabon. Ko da ma sun rubuta cewa ba a mayar da komai, dokar kare masu saye ta 2015 ta ba da damar ƙalubalantar sharaɗin da babu adalci a cikinsa, musamman in abin da suka riƙe ya zarce asarar da suka yi, ga kuma isasshen lokaci da za su ba wani gidan.

Sai ta tambayi da wane kati na biya. Da na ce na bashi, ta yi murmushi. Akwai sashe na 75 na dokar bashi ta 1974: in farashin abu ya haura fam 100 bai wuce fam 30,000 ba, ka biya ko da wani ɓangare da katin bashi, mai sayarwa ya saɓa yarjejeniya, to bankin da ya ba ka katin shi ma alhakin yana wuyansa. Ta ce na yi sa'a kai tsaye na biya kamfanin, domin in kuɗi suka bi ta hannun ɗan tsakiya maganar takan rikice. Mai katin cirar kuɗi na yau da kullum kuma yana iya neman banki ya janyo kuɗin, amma wannan tsarin kamfanonin kati ne, kuma yawanci kwana 120 ake ba mutum. In duk suka ƙi, akwai kotun ƙananan ƙararraki mai sauraron abin da bai wuce fam 10,000 ba, ana shigar da ƙara ta intanet, irin tawa fam 50 ne, ba sai da lauya ba.

Muka rubuta wasiƙa mai layi tara. Ranar da na biya, ranar da na fasa, sharaɗin kalma da kalma, fam 425 da nake bi, da wa'adin kwana 14 kafin in tafi banki da kotu. Babu ciwon Hajiya a ciki, babu don Allah. A kwana na tara kuɗin suka shigo cif. Ba su ba da haƙuri ba.

Don haka masu tambaya, ana cin kuɗin mutum a nan, ana ci sosai, kuma sun san baƙo yakan gaji ya bari. Abin da ya burge ni shi ne akwai ƙofar da za ka ƙwanƙwasa ba tare da ka san kowa ba.

Mu kuwa, mu gaya wa kanmu gaskiya. Ka ba dillali kafin alƙalami ka nemi rasit, sai ya ɓata rai ya ce ba ka yarda da shi ba. Ka fasa, a ce kuɗi sun riga sun shiga, mai gida ya yi tafiya, ka dawo jibi, har ka gaji ka ce Allah ya isa. In kuma ka matsa, dangi su taru a kanka su ce a bar wa Allah, kamar neman haƙƙi rashin tarbiyya ne. Alhali aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce a rubuta bashi. Kuma doka ma muna da ita. Dokar 2018 da ta kafa FCCPC, hukumar kare haƙƙin masu saye ta Najeriya, ta ba mai saye ikon soke wurin da ya kama tun gaba, a cire abin da ya dace kawai. Mutum nawa cikinmu suka taɓa kai ƙorafi can? In ɓera da sata, daddawa ma da wari: mu ma masu kama wuri sai mu ɓace babu sanarwa, mu bar mai gida da ɗaki a rufe, sannan mu zo muna neman kuɗinmu duka.

Duk da haka, ranar da nake riƙe da wayar nan gida na tuna. Da a can ne, ko mai shirin riƙe kuɗin sai ya ce subhanallahi, yaya jikin Hajiya, Allah ya ba ta lafiya. Wani ma da kansa zai kawo kuɗin har gida, ya duba marar lafiya, ba don wata doka ba. Irin waɗannan suna nan da yawa, na san su, kuma ina kewarsu.

An yi suna Hajiya tana kallo ta waya, jiki da sauƙi. Da na ba ta labarin kuɗin, ba ta tambayi nawa ba ne. Cewa ta yi, "Ita matar da ta taimake ka, ka koma ka yi mata godiya?" Na ce ban koma ba tukuna. Ta ce gobe in je. Na je da safe, aka ce ranar Talata kaɗai take zuwa, sai na koma Talatar.