Na'urar ji ta tsoho: wacce za ka saya, wacce za ka bari a kan tebur

Shekara biyu da suka wuce Baba ya daina fitowa majalisar ƙofar gida bayan la'asar. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana ciniki a babbar kasuwar Garwa, wanda ba a raba shi da hira, ya koma kwanciya a ɗaki yana fuskantar bango. Abinci sai da lallashi, barci sai gab da asuba. Kowa a gida ya ce tsufa ne. Ranar da na matsa masa sai ya ce: "Ɗana, in fita in yi me? Suna dariya ban san abin da aka faɗa ba, fuskokinsu ma hazo nake gani."

Kunnensa ya yi nauyi, ga yanar ido ta sauko masa. Mai nauyin kunne da kallon bakin mai magana yake cike abin da ya kuɓuce masa, to idan ido ma ya gaza, ƙofa biyu aka rufe masa lokaci guda. Kaɗaicin nan shi ke jawo ciwon damuwa, kuma ciwo ne na gaske da likita ke dubawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da kashi 25 cikin ɗari na waɗanda suka haura shekara 60 suna da raunin ji mai takura rayuwa, don haka gidajen da ke cikin halin da muka shiga suna da yawa.

Kafin ka fitar da ko dala, kai tsohonka wurin likitan kunne, hanci da maƙogwaro, wanda ake rubuta ORL a ƙofar ofishinsa. Wani tsohon dattin kunne ne kawai ya toshe shi, a wanke masa a asibiti ya dawo daidai. Idan ba shi ba ne, za a sa masa abin sauraro a kai, a riƙa sako sauti iri-iri, a ba ku takarda mai zane da ke nuna abin da kowane kunne ya rasa. Tsufa siraran sautuka yake fara ci, irin su "s" da "f" da "sh", da muryar mata da yara. Shi ya sa tsoho ke cewa yana jin murya amma bai gane magana ba.

Ni dai zaɓina, kuma ba na ɓoyewa, ita ce na'urar da ake ratayawa a bayan kunne, mai ɗan bututu da toshiyar roba da aka zuba daidai ramin kunnen mai ita. Ana haɗa ta da kwamfuta a saita ta bisa takardar gwajin nan, ta ɗaga sautukan da suka ɓace ta bar sauran yadda suke. Girmanta shi ne amfaninta ga wanda ido ya yi wa rauni: da laluben yatsa Baba yake gane ta, ya cire ya mayar da kansa. Ka tuna sau biyar a rana zai yi alwala ya shafi kunne, kuma ruwa ba ya shiri da na'urar. Wadda sai an kira jika ya saka masa, cikin mako ɗaya za ta koma ƙarƙashin matashi. Injinta kuma yana waje, nesa da dattin kunne, bututun in ya taurare a canza shi da kuɗi kaɗan. Batirinta lamba 13 ne mai tambarin ruwan lemo, ko 675 mai shuɗin tambari idan nauyin kunnen ya yi tsanani. Na 675 yakan kai mako biyu ko fiye, kuma yana kamuwa a hannun da ke rawa. A zafin Maris da Afrilu, lokacin da Garwa ke haura digiri 40, gumi ne babban abokin gabarta, sai ƙurar hunturu. Kullum da dare muna goge ta da busasshen ƙyalle, mu buɗe murfin batirin, mu sa ta a gwangwani mai murfi da 'yan ƙwayoyin nan masu tsotse danshi. Abu ɗaya da za ka gwada tun a wurin saye: ya sa tabaransa tare da ita, don su biyun wuri ɗaya suke zama.

Ƙaramar da ke ɓuya cikin kunne ta masu ido ce, batirinta lamba 10 ko ni da ƙyar nake tsinkarsa. Mai caji tana da kyau in kana da sola a gida, amma da yadda wuta ke ɗaukewa a unguwarmu ban yarda da ita ba. Ta hannu da 'yan uwa ke aikowa daga Faransa sai an sake saita ta an zuba sabuwar toshiya, in ba haka ba kunnen wani ka ɗora masa.

Wadda ta ƙona ni ita ce ta tebur. Wani mai kayan waya ya nuna min ita cikin kwali mai sheƙi, ya rantse daga Jamus take, na biya jaka ashirin da biyar ina murna. Sakiyar da ba ruwa ya yi min. Abin ƙara sauti ne kawai, komai ɗagawa yake: kukan babur, ƙarar kwano, injin niƙa na maƙwabta. Da Inna ta ajiye murfin tukunya Baba ya dafe kai, abin kuma ga shi yana ta fito. Kwana uku ya cire ya ce: "Ko wannan bai yi min ba, ku daina wahalar da kanku." Wannan maganar ta fi kuɗin yi min ciwo, domin sai da muka yi wata huɗu kafin ya yarda a kai shi gwaji. Ƙara mai yawa irin wannan tana iya lalata ɗan jin da ya rage.

Saboda haka ka lura. Duk wanda zai sayar maka bai tambayi takardar gwaji ba, tashi ka ba shi wuri. Sanannun kamfanoni irin su Phonak da Oticon da Signia suna buga lamba a jikin kowace na'ura. Duba ta yi daidai da ta kwalin, ka kuma karanta sunan harafi-harafi, don masu jabu harafi ɗaya suke sauyawa. Karɓi rasit da takardar garanti, ka tambayi inda za a koma a sake saitawa, domin da wuya saitin farko ya zauna. Masu talla a Facebook da WhatsApp da ke cewa a turo kuɗi ta waya kaya na hanya, ka bar su. Haka masu maganin ɗigawa da ke alkawarin buɗe kunnen tsoho: babu man da ke dawo da jin da tsufa ya ci. Har a batiri ana cuta. Batirin agogo LR44 girmansa ɗaya da 675, ana miƙa wa wanda bai sani ba. Na gaskiya yana da 'yar takarda manne a bayansa da ƙananan huji a ƙarƙashinta, iska ce ke tayar da shi, kuma da zarar an ɓare ya fara ƙarewa. Duba ranar lalacewarsa, ka kuma ɓoye shi daga jikoki, haɗiye shi haɗari ne babba.

Ido kuwa, tabaran da ake talla a tire ba ya maganin yana, masu yawo ƙauye suna tura ta da tsinke kuma makanta mutane suke yi. Aiki ake yi a asibiti a sa sabon gilashi a cikin idon. An yi wa Baba na dama, ya koma majalisa, amma rashin barci da ƙin abinci ba su tafi nan take ba. Sai da muka faɗa wa likita a fili cewa abin ya wuce mako biyu da nisa, ya zauna da shi ya duba wannan ɓangaren daban. Idon hagu an ba mu rana bayan damina.