Ɗaure notin tirok ko sa raiza: wanne ke hana taya cin katako?

Ɗan uwa na ga tambayarka, ka ce ka cire tayoyin 52mm ka sa masu laushi 60mm saboda kwaltar unguwarku duk tsakuwa ce, yanzu da ka sha kwana sai tayar ta gogi cikin katakon sketbod ɗin ya ci birki ya watso ka gaba, shin ka ƙara ɗaure babban notin tirok (ƙarfen da ke riƙe tayoyi a ƙarƙashin katako) ne ko ka sayi raiza (farantin da ke ɗaga katako daga tirok). Sannu da faɗuwa tukun, ni ma haka na taɓa gurje gwiwar hannu kuma a gaban yara.

Fara da lissafin, daga 52 zuwa 60 bambancin 8mm ne amma rabi ne kawai ya matso wajen katako, wato 4mm ka rasa daga ratar da ke tsakanin taya da katako. Duk rigimar a kan 4mm ɗin nan take.

Ɗaure noti shi ne na kyauta, sifana 9/16 ko wannan makullin sket mai kama da T, rabin juyi a tirok na gaba rabin juyi a na baya ka hau ka gwada. Amma fa bai dawo maka da ratar ba ko kaɗan, abin da yake yi ya matse bushin ne, wato zoben robar da ke ƙarƙashin notin, don kada katakon ya kwanta sosai, to ka ga cizon zai ragu amma kwana ma ta ragu, sai ka ji allon ya sandare sai ka riƙa ɗaga hanci kafin ka juya, kuma in ka matsa da yawa robar ta kumbura ta fito ta gefen washa ta tsage, shikenan ka kashe bushin. Sannan ranar da ka diro daga wani abu nauyinka ya sauka gefe ɗaya, zai iya cizonka duk da ɗaurin. In ka ga zaren ƙarfen ya leƙo da yawa saman notin to ka wuce gona da iri.

Raiza kuwa ɗan faranti ne na roba mai tauri da ake sawa tsakanin tirok da katako, ana samun 1/8 na inci wajen 3mm, da 1/4 wajen 6mm, da 1/2 wanda gaskiya na masu longbod (dogon sketbod) ne da manyan tayoyi. Shi ne yake dawo da ratar da gaske, kwanarka na nan yadda ka saba. A naka 1/8 zai bar ka da gibin 1mm, 1/4 ya rufe har da canji, don haka ni 1/4 zan ɗauka sai dai in tirok ɗinka dogo ne dama, irin samfurin Independent na asali mai tsayin 55mm, nan 1/8 na iya isa. In gajeren tirok ne kada ma ka ɓata kuɗinka a 1/8.

Matsalarsa biyu. Na farko kusoshin da ke haɗa tirok ɗinka da katako, yawanci 7/8 ko inci 1, ba za su kai ba, 1/4 yana son masu inci 1 1/4, ka saye su tare don kar kaya su iso ka zauna kana kallonsu. Na biyu tsayi, 4mm na taya da 6mm na raiza ka ga allon ya ƙara tashi santimita guda daga ƙasa, turawa za ta fi gajiyar da ƙafa kuma in kana oli, wato tsalle da allon, wutsiyar sai ta yi tafiya mai nisa kafin ta bugi ƙasa, za ka ji baƙon abu na ɗan kwanaki. Mai yawo a titi wannan ba komai ba ne, mai filip-filip, wato mai juya allo a iska, shi ne zai yi ƙorafi.

Wanda tayarsa 54mm ce ko ƙasa kuma tana cizo, shi nasa daban, galibi bushin ne ya yi masa laushi ko ya gaji, musamman in mai jiki ne, ya nemi mai tauri irin samfurin Bones Hardcore baƙi mai lambar tauri 96A maimakon ya yi ta murɗa noti.

Kafin raizan ya iso, kifa allon ka duba inda tayar ta bar baƙin tabo ka goga kyandir sosai a wurin, ba ya hana gogar amma tayar za ta zame maimakon ta kama. In ka ɗaura kuma ka hau a kan darduma ka kwanta gefe iya ƙarfinka wani ya duba maka ko akwai sauran rata, gaba da baya, hagu da dama.